Kibiyar da Ke Cikin Takardar Stallwood

Duk wanda ya yi karatu a Launceston, babban gari a tsibirin nan namu, a zamanin kakanninmu, da wuya a ce bai taɓa riƙe littafin da aka buga sunan Stallwood a ƙasan bangonsa ba. Littafin koyon karatu na yara nasu ne. Littafin shekara da manoma ke duba tsayuwar wata da lokacin shuka nasu ne, haka ma ɗan siririn nan da ke koya yadda ake yi wa itacen tuffa aure. Sunan tsoho Enoch Stallwood ne a allon kanti, ɗansa Barnaby ne ke tsayawa bakin ƙofa da sarƙar agogo a ƙirji yana gaisawa da manya, amma wadda ke ɗauke da gidan a ka ita ce Zillah, babbar 'yar tsohon. Ita ce kuma ba a cika ambata ba in ana zancen gidan, abin da ke ba wasunmu haushi har yau.

A saman kantin aka haife ta. Tun ba ta kai tsawon tebur ba ake ɗora ta kan akwati tana ninke takardu kusa da mahaifiyarta Honora, mai ɗinkin littattafai. Kafin ta zama budurwa ta iya jera haruffan dalma na buga littafi, daga nan kuwa kan yatsunta bai sake yin fari ba. Ta taɓa yin saurayi, wani ma'aikacin jirgin ruwa mai fara'a, ya ce ta bi shi Melbourne su zauna. Ta tambaye shi wa zai jera littafin shekara in ta tafi, ya yi dariya don ya zaci wasa take. Da ya gane da gaske take, jirginsa ya tashi, bai sake biyowa ta titinsu ba. Ta yi kukanta ta share hawaye, ta koma bakin aiki. Doguwa ce, marar yawan magana, kuma in ta ga mai saye ya lashi yatsa zai buɗe sabon littafi, sai ta miƙa hannu ta karɓe abinta ko da limamin coci ne.

Akwai abin da kowa ya sani a gidan, ba a kuma faɗarsa ko a wurin cin abinci. Enoch ba da ƙafarsa ya zo tsibirin nan ba, a sarƙa aka kawo shi. Can Ingila ya shekara bakwai yana koyon yin takarda a wata masana'anta ta bakin rafi, inda ake daka tsumma har ya zama kamar kunu, a tsoma rariya mai kusurwa huɗu a ɗebo, a girgiza ta gaba da baya, dama da hagu, har zaren ya kama juna. Wannan girgizar ita ce sana'ar ɗungurungum, wani har ya tsufa ba ya samunta. Shekarar da hannun Enoch ya faɗa, a shekarar mai masana'antar ya kafa inji, ya sallami mutane ana tsakiyar sanyi. Suka taru da guduma suka farfasa injin, Enoch na kan gaba, bai ko cika ashirin ba. Aka fara yanke musu rataya, daga baya aka sassauta, aka loda su a cikin jirgi zuwa nan. Ya fasa dutsen hanya, ya yi wa wani mai tumaki bauta, har aka yafe masa. Da tiren tsofaffin littattafai ya fara a tashar jiragen ruwa, tire ya zama rumfa, rumfa ta zama kanti da maɗaba'a a baya. Abin dariya abin kuka, mutumin da aka kora daga ƙasarsa saboda ƙin takardar inji, ita ya yi ta sayarwa har furfura ta rufe shi, don babu wata.

Ba gidan Stallwood kaɗai ba ne. Bi titinmu gida-gida, kusan rabi suna da irin wannan kakan, amma duk wanda ka tambaya sai ya ce nasa neman arziki ya zo, da akwatinsa da hularsa. In ka saurari mutanen garin nan, sai ka rantse jiragen 'yan sarƙa fanko suka riƙa zuwa. Wanda asirinsa ya tonu kuwa, sai ya ga gayyata ta ɗauke, gaisuwa ta koma ta ɗaga hula daga nesa.

A 1891 kantin zai cika shekara hamsin. Barnaby ya kawo shawarar a buga ɗan littafin tarihin gidan, a raba wa manyan abokan ciniki, a sayar da saura. Ba don tarihi kaɗai ba ne, kujerar kansila yake nema, yana kuma son a gan shi da asali. Wata Lahadi ana cin gasasshen naman tunkiya ya zaro gabatarwar da ya rubuta, ya gyara murya kamar ya riga ya hau kujerar.

"Ku saurara. Enoch Stallwood, matashi mai himma, ya baro Ingila don raɗin kansa, ya zo neman arziki a sabuwar ƙasa."

Zillah ta ajiye cokali. "Don raɗin kansa? To sojojin da suka rako shi fa, abokan tafiya ne?"

"Yaya, don Allah kada ki fara."

"Ni na fara? Kai ka rubuta, ni kuma kake so in jera da hannuna. Nemi wani."

"Wa zan nema? Layi ɗaya ne fa. Kowa a garin nan haka yake rubutawa."

"Shi ya sa ba na karanta nasu."

Barnaby ya juya wajen tsohon. "Baba, ka yi mata magana. Ka fi ni sanin mutanen nan. In suka ji, ba kujera kaɗai za ta tafi ba, har masu sayen littafi. Kuma ka tuna 'ya'yana mata ne, aure za su yi a garin nan."

Enoch ya ci gaba da yanka namansa ƙanana-ƙanana, don haƙoran sun yi saura kaɗan. Can ya ce, "Mai girma kansila ya yi gaskiya. Jera masa, Zillah." Bai dubi kowa ba da ya faɗa, ita kuwa ta san muryar ubanta. Mutum ne da bai taɓa yabon littafin banza don a saya ba, ga shi a ƙarshen rayuwarsa zai sa sunansa a kan ƙarya game da kansa. Abin ya soke ta ƙwarai. Ba ta taɓa jin kunyar abin da ya yi ba, alfahari ma take yi da shi, kuma babu abin da take so a duniya kamar ya ga gaskiyar rayuwarsa ta fita daga maɗaba'arsa sau ɗaya kafin ya mutu.

Sai tsohon ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. Shafin farko, ni zan yi takardarsa da hannuna."

Bakin Barnaby har kunne. Takardar hannu ai kayan manya ne, babu wani kanti a tsibirin da zai iya yin wannan gadarar. "Ka iya har yanzu, Baba?"

"Za mu gani."

Aka jira sanyin Yuli, tsakiyar hunturun tsibirin nan, don tsohon ya ce ruwan sanyi ya fi ba da takarda mai kyau. Zillah ta buɗe akwatin marigayiya Honora ta fito da zannuwan gado da rigunan aikinta na lilin, ta zauna ta yayyanka su da kanta, ba ta bari kowa ya taɓa ba. Aka jiƙa tsumman har ya ruɓe, aka ɗauko ƙarti biyu suka daka shi, aka kafa ƙaton baho a tsakar gida bayan maɗaba'a. Kafinta ya haɗa katakon rariya, aka saƙa mata wayar tagulla.

Saura tambari. Kowane gidan takardar hannu yana da nasa, da ake lanƙwasawa da siririyar waya a ɗinke a fuskar rariya. Inda wayar ta kwanta takardar ba ta kauri, ba a kuma ganin komai sai an ɗaga ta ga haske. Idon tsohon ya daina ganin waya, don haka aikin ya faɗo kan Zillah.

"Me zan lanƙwasa, Baba? Harafin sunanmu?"

Ya tsoma yatsa a ruwan baho ya ja layi uku a kan benci, kawunansu a haɗe. Kan kibiya ne. Babu ɗan tsibirin nan da bai san shi ba, shi ne tambarin da gwamnati ke bugawa a kan duk abin da ta mallaka, gatari ne, bargo ne, ko rigar ɗan sarƙa.

Ta ce, "Barnaby zai mutu."

"Ba zai mutu ba, yana da ƙiba." Ya goge yatsan a wando. "Na sa ta a gadon bayana shekaru, ba a tambaye ni ba. Yau ni nake so in sa ta. Amma hannunki ne, 'yar nan, kuma ke za ki zauna da mutanen garin bayan na tafi. In kin ce a'a, harafin ma ya isa."

Ta daɗe tana kallon zanen har ya fara bushewa. Ta tuna 'yan matan Barnaby da ke kiranta Gwaggo, ta tuna kantin da ta ba shi kuruciyarta, tsoro kuma ya kama ta, ba na wasa ba. Abin da ta yi ta gunaguni a kai ranar Lahadi ne aka miƙo mata a hannu, sai ta ji ashe yana da nauyi. Ta ɗauki filaya.

"Wane girma?"

"Yadda makaho irina zai gani."

Da aka zo aikin, sai ido ya raina fata. Tsohon ya naɗe hannun riga da safe, ƙanƙara na kwance a bakin baho, ya tsoma rariya ya ɗago. Hannun ya girgiza, amma rawar tsufa ce, ba ta sana'a ba. Kunun tsumman ya taru gefe guda, nan kauri, can huji. Ya mayar ya sake, ya mayar ya sake. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, yatsunsa suka yi ja, tari ya kama shi. Wata safiya ya ajiye rariyar ya zauna kan kifaffen bokiti.

"Girgizar ta tafi, Zillah. Dama tsofaffinmu sun ce takan bar mutum ba sallama."

Tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna, shi ke nan an gama. Sai ta fara tattara bargunan da ake kifa ɗanyar takarda a kai, kamar abin bai dame ta ba. "To ba komai. Bari in gaya wa Barnaby ya sayo takardar inji, ai ita ba ta gajiya, ba ta tari."

Ya harare ta da idon da ba ya gani sosai. "Ni kike gaya wa haka?"

"Akwai wani a nan?"

Ya miƙe yana ƙunƙuni, ya fizgi rariyar, ya tsoma ta da fushi ba tare da ya tsaya tunani ba. Wannan karon kafaɗa ce ta yi aikin, ba yatsu ba. Zillah ta ji ƙarar zubar ruwan ta sauya, ta ga farin kunun ya bazu ya kwanta sumul daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya kifa shi kan bargo ya ɗaga rariyar, ga takarda kwance babu tabo. Tsohon ya yi wata irin dariya da ba ta taɓa jin ya yi ba tun da aka haife ta, dariyar saurayi. Ita kuwa sai ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara, don kada ya ga fuskarta. Daga ranar, kaɗan-kaɗan suke yi kullum kafin ƙarfinsa ya ƙare, shi a baho, ita a wajen matsewa da shanya, har aka sami abin da zai isa.

Barnaby ya hau ɗakin sama inda aka shanya takardun a igiya. Ya zari ɗaya ya kaɗa ta a kunne, ya shafa, ya yaba. Sannan ya ɗaga ta ga taga, kamar yadda duk wanda ya tashi a gidan zai yi ko cikin barci. Zillah na tsaye tana kallon wuyansa yana ja.

"Yaya, me nake gani?"

"Idonka ai lafiyarsa lau."

"Kashe ni kuke so ku yi? Wallahi ƙone su zan yi."

"Ga murhu can ƙasa. Amma ka sani, zanen gadon Mama ne da rigar aikinta, da ɗan ƙarfin da ya rage a kafaɗar Baba. Ɗebi ka ƙona, ina kallo."

Ya tsaya da takardar a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Muryar tsohon ta taso daga matakala, yana haki. "Ɗan nan, ban hana ka faɗin taka maganar ba. Zillah za ta jera maka ita, a buga a shafi na biyu, a takardar inji. Wannan kuwa tawa ce. Sunana kawai za a sa da shekarar da na zo."

Barnaby ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai irin na masu abin rasawa. Ya mayar da takardar kan igiya a hankali, ya lallashi kansa da cewa babu wanda zai ɗaga shafin littafi ga haske. Wannan kuwa wauta ce, a garin da kantinsu da kansa ya koya wa mutane kada su sayi ko takardar wasiƙa sai sun ɗaga sun duba.

Ranar bikin aka share kanti, aka jera kujeru, aka kawo shayi da wainar tuffa. Manyan gari suka cika wurin, Enoch na zaune a tsakiya cikin baƙar kwat. Zillah ce ta raba littattafan. Ba a ko gama zuba shayi ba Misis Ancrum, matar babban lauya, wadda sauran mata ke duban fuskarta kafin su san ko shayin ya yi daɗi, ta ji kaurin shafin farko a yatsunta. Ta ɗaga shi ga taga. Na kusa da ita suka ɗaga nasu, na nesa suka bi, surutu ya mutu.

Misis Ancrum ta ajiye littafin kan teburin kanti da yatsu biyu. "Na zaci gidan mutunci na shigo."

"Ba ki yi ɓatan kai ba, uwargida," in ji Zillah.

Matar ta fita, fiye da rabin baƙin suka bi ta, wasu da waina a baki. Game da jirgin da ya kawo kakan Misis Ancrum kuwa ba mu ce komai ba. Tsohon dai bai sunkuyar da kai ba, yana zaune ɗoɗar yana shan shayinsa har ya shanye.

Abin da Barnaby ya ji tsoro ya faru, ba ragi. Ya faɗi zaɓe faɗuwar da har abokan hamayya suka tausaya masa. Wasu makarantu suka koma sayen littafi a wani wuri, gidajen da aka saba aika musu sababbin mujallu duk zuwan jirgi suka ce a dakata. Aka daina gayyatar 'yan matansa rawa. Ya daina yi wa Zillah magana, ya daina tsayawa bakin ƙofa, ya koma ɗakin baya ya zauna. Sauran littattafan bikin na nan tule a kan teburin kanti, babu mai taɓawa. Tarin tsohon ya ƙaru har bai cika saukowa ba. Zillah ba ta yi da-na-sanin gaskiyar ba, amma takan tsaya a kantin da babu kowa ta tambayi kanta ko ita ce ta rusa abin da ta ƙi aure don ta riƙe. Ba ta da wanda za ta faɗa wa, don haka ta haɗiye.

Wata safiyar Talata ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Wasu tsofaffi uku suka shigo, da tufafi masu launin toka irin na gidan gajiyayyu. Daga tafiyarsu ta gane su, gajeren taku suna jan ƙafa, irin na wanda ya daɗe da mari a ƙafa, wanda ko an cire ƙarfen ƙafar ba ta mantawa. Irinsu ba sa shiga kantin littattafai, ko inuwar rumfarsa ba a cika barinsu su zauna ba. Suka cire huluna, suka tsaya nesa da kaya. Na gabansu, wani ƙanƙanin tsoho mai ido ɗaya, ya matso.

"Baiwar Allah, nan ne ake sayar da littafin nan mai kibiya?"

"Nan ne, Baba."

"To a ba mu."

Ta ɗauko ta miƙa masa, ta ce kyauta ne. Ya girgiza kai yana kwance ƙullin hankici. "A'a. Kyauta mun ci ta har ta ishe mu. Saye muka zo."

Ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe littafin a juye, ƙasa a sama. Zillah ta yi jinkiri, sannan ta tambaya a hankali, "Ka iya karatu kuwa, Baba?"

Ya buɗe bango, ya kama shafin farko, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, sauran biyun suka matso suka sa kai ta kafaɗarsa. Sun daɗe suna kallo.

"Wannan shafin dai na iya," in ji shi.

Zillah ba ta ji fitowar Barnaby daga ɗakin baya ba, sai ganin hannunsa ta yi ya karɓi littafin daga wurin tsohon. Ya yanko takarda mai kyau, wadda ake naɗe wa manya kaya, ya naɗe shi tsaf, ya ɗaure da igiya, ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya jawo kujeru uku, ya juyo wajenta, karon farko tun ranar bikin.

"Yaya, hau ki taimaka wa Baba ya sauko. Ki ce masa yana da baƙi."